Ƙarin Ƙwayoyin Saƙo Na Cikin Ciki: Yadda Ake Gano Shi Da Yadda Ake Maganinsa

Gabatarwa

A shekarar 1927 wasu likitoci na asibitin Mayo da ke Amurka suka ba da rahoton wani majinyaci wanda al'amarinsa ya ɗaure musu kai. Mutumin shi kansa likita ne. Da zarar ya yi 'yan sa'o'i bai ci abinci ba sai jikinsa ya ɗauki rawa, tunaninsa ya rikice, wani lokaci har ya suma, amma da an ba shi sukari sai ya dawo hayyacinsa. Da aka yi masa tiyata sai aka tarar da ƙari a fankiriyas ɗinsa, wato wata tsoka mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi, kuma ƙarin ya riga ya bazu zuwa hanta. Majinyacin bai rayu ba. Sai dai likitocin sun tatsi ruwa daga ƙarin da ke hantarsa, suka yi wa zomaye allura da shi, sai sukarin jinin zomayen ya faɗi. Wannan ya tabbatar da cewa ƙarin nan sinadarin insulin yake sarrafawa yana zubawa cikin jini ba ƙaƙƙautawa. Bayan shekara 2, wato a 1929, wani likitan fiɗa mai suna Roscoe Graham ya cire irin wannan ƙari daga jikin wata mata a birnin Toronto na Kanada, ta kuwa warke.

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan dangin ƙarin da wancan ya fito daga cikinsu, waɗanda likitoci ke kira ƙarin niyuro-endokirin, a nan kuma za a kira su ƙarin ƙwayoyin saƙo. Ba su da yawa, kuma sukan ɗauki shekaru suna ɓoye a bayan alamomin wasu cututtuka. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙarin yakan gaji halin ƙwayar da ya fito daga gare ta, kuma wannan halin gado shi ne ke wahalar da majinyaci, shi ne kuma ke nuna wa likita hanyar gano cutar da maganinta.

'Yan aiken cikin jiki

Jikin ɗan'adam yana da hanya biyu ta aika saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Ta farko ita ce ta jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, wadda saƙonta ke gudu kamar na wayar tarho. Ta biyu kuwa ita ce ta wasu sinadarai da ake zubawa cikin jini, jinin ya kai su inda ake bukata. Waɗannan sinadarai su ake kira homon.

A cikin hanji aka fara gano wannan hanya ta biyu. A shekarar 1902 wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna cewa idan ruwan tsami na tumbi ya shiga ƙaramin hanji, bangon hanjin yakan saki wani sinadari cikin jini wanda ke umartar fankiriyas ya zubo ruwan narkar da abinci. Suka raɗa masa suna sikiritin. A 1905 Starling ya fara amfani da kalmar homon.

Ƙwayoyin halittar da ke wannan aiki suna warwatse ne ɗaya-ɗaya a bangon tumbi da hanji. A fankiriyas kuwa sun taru gungu-gungu kamar tsibirai, waɗanda wani ɗalibin likitanci mai suna Paul Langerhans ya fara bayyanawa a Balin a 1869. An haɗa musu suna biyu, niyuro da endokirin, domin sun yi kama da ƙwayoyin jijiya ta wata fuska, kuma suna zuba homon cikin jini. Kowane rukuni da saƙonsa:

Insulin yana fitowa daga tsibiran fankiriyas, yana sa ƙwayoyin jiki su janye sukari daga jini.

Gastirin yana fitowa musamman daga ƙasan tumbi, yana umartar tumbi ya zubo ruwan tsami.

Sirotonin yana motsa hanji. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji yake.

Somatostatin shi ne mai tsawatarwa. Idan ya iso sai sauran ƙwayoyin su rage zubo nasu sinadaran.

Ƙwaya ba ta jin saƙo sai tana da makarɓinsa, wato wani ɗan gurbi a fatarta wanda sinadarin ke shiga daidai kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa. Za a sake komowa kan makarɓin somatostatin a gaba, domin kuwa a kansa aka gina babban sashe na bincike da magani.

Yadda ƙarin yake tasowa

Idan aka sami tangarɗa a ƙwayoyin gadon ɗaya daga cikin waɗannan 'yan aike, sai ta shiga rarrabuwa ba tare da bin doka ba, har ta zama ƙari. A shekarar 1907 wani masanin cututtuka Bajamushe, Siegfried Oberndorfer, ya bayyana wasu ƙananan ƙari na ƙaramin hanji, ya kira su karsinoyid, ma'ana masu kama da sankara, saboda ya ga ba su da saurin girma. Daga baya an tabbatar da cewa suna iya bazuwa zuwa kaluluwar ciki da hanta, don haka a yau ana lissafa su cikin ire-iren ciwon daji. A cikin ciki an fi samun su a ƙaramin hanji, da ƙarshen babban hanji, da fankiriyas, da tumbi, da kuma afendis.

Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa a 1973 mutum 1 cikin 100,000 ake gano wa irin wannan ƙari a shekara, amma a 2012 adadin ya kai kusan mutum 7 cikin 100,000. Masana suna ganin babban dalilin wannan hauhawa shi ne ingantuwar na'urorin bincike, waɗanda ke hango ƙarin da a da ake mutuwa da shi ba a sani ba. Cikin sanannun mutanen da cutar ta kama akwai Steve Jobs na kamfanin Apple, wanda aka gano masa ita a fankiriyas a 2003, ya rasu a 2011, da kuma ɗan wasan fim ɗin Indiya Irrfan Khan, wanda ya bayyana cewa yana da ita a 2018, ya rasu a 2020.

Yawancin lokaci cutar ba ta gado ba ce. Amma akwai wata larura ta gado mai suna MEN1, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 1997. Idan uwa ko uba yana ɗauke da ita, kowane ɗa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonta, saboda haka akan binciki 'yan'uwan majinyaci na jini.

Alamomi masu ɓad da kama

Ƙarin ƙwayoyin saƙo ya kasu gida biyu. Mafi yawa ba sa zubo homon da zai tayar da wata alama, sai sun girma sun toshe hanji, ko sun jawo ciwon ciki da rama, ko kuma a ci karo da su ana binciken wani abu dabam. Kashi na biyu kuwa su ne masu ci gaba da sana'ar gado, amma ba tare da ma'auni ba. Uku daga cikinsu sun isa misali.

Na farko shi ne insulinoma, mai zubo insulin. A shekara guda yakan kama mutum 1 zuwa 4 ne cikin miliyan. Yawancinsa bai kai faɗin santimita 2 ba, kuma kusan 9 cikin 10 ba ya bazuwa. A jikin mai lafiya, idan sukari ya yi ƙasa sai insulin ya tsaya. Ƙarin kuwa ba ya tsayawa, sai ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta. Majinyaci yakan yi gumi da makyarkyata, ya riƙa gani bibbiyu, ya yi maganganun da ba su da kan gado, ko ya faɗi yana shure-shure, musamman da asuba, ko a lokacin azumi, ko bayan aikin ƙarfi. Ba abin mamaki ba ne a ɗauke shi mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali, ko a ce iska ce ta buge shi, alhali tiyata guda tana iya raba shi da cutar.

Na biyu shi ne gastirinoma. A 1955 likitocin fiɗa biyu na jihar Ohayo a Amurka, Robert Zollinger da Edwin Ellison, suka bayyana majinyata masu gyambon ciki mai taurin kai tare da ƙari a fankiriyas. Ƙarin yana zubo gastirin, tumbi kuma ya yi ta ambaliyar ruwan tsami. Gyambon yakan fito a wurare da dama, ya warke ya dawo, sau da yawa tare da gudawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ƙari suna da MEN1.

Na uku shi ne ƙarin ƙaramin hanji mai zubo sirotonin da wasu sinadarai. Alamominsa su ne gudawa mai yawan dawowa, da murɗawar ciki, da numfashi mai kama da na asma, da kuma wani zafi da ke taso wa mutum a fuska da wuya na 'yan mintoci. A farar fata fuskar takan yi ja wur, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka bayanin majinyaci ya fi abin da ido ke gani muhimmanci. A nan akwai darasi mai kyau na ilimin halitta. Jinin da ya bar hanji yakan bi ta hanta kafin ya shiga sauran jiki, hanta kuma tana lalata sirotonin. Saboda haka alamomin ba su cika bayyana ba sai ƙarin ya bazu zuwa hantar kanta, inda zai zuba sinadarinsa a bayan shingen. Daga nan jinin yakan shiga ɓangaren dama na zuciya, sirotonin ya riƙa kaurara marufan ƙofofinta. Ɓangaren hagu yakan tsira galibi, domin huhu ma yana lalata sinadarin kafin ya isa can.

Wajibi ne a lura cewa waɗannan alamomi sun fi zuwa daga cututtukan yau da kullum. Faɗuwar sukari ta fi faruwa ga masu shan maganin ciwon sukari, ko masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Gyambon ciki ya fi samuwa daga wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta da kuma yawan shan magungunan kashe zafin jiki. Gudawa kuwa ta fi zuwa daga gurɓataccen ruwa da abinci. Akan koya wa ɗaliban likitanci cewa wanda ya ji ƙarar kofato ya fara tunanin doki kafin jakin dawa. Masu fama da wannan cuta sun ɗauki jakin dawa a matsayin tambarinsu, don tunatar da likitoci cewa wani lokaci shi ɗin ne, kuma suna bikin ranarsu a 10 ga Nuwamba. Abin da ke sa a yi zargin ƙarin shi ne alama ta daɗe, ko ta ƙi jin maganin da aka saba.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne neman sawun homon a jini ko a fitsari. Game da insulinoma, likitoci suna bin sharuɗɗa uku da Allen Whipple ya tsara: a ga alamomin faɗuwar sukari, a auna jini a daidai lokacin a tarar sukarin ya yi ƙasa ƙwarai, sa'an nan alamomin su gushe da an ba da sukari. Akan kwantar da majinyaci a asibiti a hana shi abinci ƙarƙashin kulawa, har zuwa awa 72 idan ta kama. Idan sukari ya faɗi amma insulin bai sauka ba, to an kama ɓarawo da kaya a hannu. Wannan gwaji yana da haɗari, ba a yin sa a gida.

Game da gastirinoma, ana auna gastirin na jini kafin a ci abinci. Game da sirotonin kuwa, ana tara fitsarin awa 24 a auna wani sinadari mai suna 5-HIAA, wanda shi ne ragowar sirotonin bayan jiki ya lalata shi. Kafin gwajin akan hana majinyaci cin ayaba da abarba da tumatir da fiya na 'yan kwanaki, domin suna ɗauke da sirotonin, suna iya ba da sakamakon ƙarya. Akwai kuma gwajin kuromogiranin A, sinadarin da yawancin ƙwayoyin saƙo ke fitarwa, sai dai maganin gyambon ciki irin su omefirazol yana ɗaga shi ko da babu ƙari. Shi ya sa yake da muhimmanci majinyaci ya faɗa wa likita duk maganin da yake sha.

Mataki na biyu shi ne gano wurin da ƙarin yake. Ana amfani da hoton CT da na MRI, da kuma bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki ko ta dubura. To a nan ne halin gado ke tona asirin ƙarin. Yawancin ire-irensa masu girma a hankali suna ɗauke da makarɓan somatostatin masu ɗimbin yawa. Masana a birnin Rotadam na Holan suka yi tunanin ɗaura wa makullin ɗan abu mai fitar da hasken nukiliya, a yi allurarsa, ya je ya maƙale a kwaɗon, na'ura kuma ta hango inda hasken ya taru. Sun fara wannan a ƙarshen shekarun 1980. A yau an fi amfani da galiyam-68 tare da na'urar PET, wadda ke nuna ƙari ƙanana a duk faɗin jiki. Ƙarfin galiyam-68 yana raguwa da rabi duk minti 68, saboda haka dole a haɗa shi kusa da inda za a yi amfani da shi, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa ba kowane asibiti ke da gwajin ba.

Mataki na uku, wanda shi ne ke yanke hukunci, shi ne a ciro ɗan yanki na ƙarin a duba a madubin likita. Ana rina shi da wani rini mai nuna ƙwayoyin da ke cikin rarrabuwa, a ƙirga su cikin ɗari. Wannan ma'auni shi ake kira Ki-67. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da kashi 3 daraja ta 1 ke nan, daga 3 zuwa 20 daraja ta 2, sama da 20 kuwa daraja ta 3. Gwargwadon hawan daraja, gwargwadon saurin ƙarin.

Magani

Tiyata ita ce hanyar da ke iya warkarwa gaba ɗaya idan ƙarin bai bazu ba. Insulinoma ƙarami akan ɓare shi daga fankiriyas a bar sauran. Ƙarin afendis kuwa sau da yawa sai bayan an cire afendis ɗin saboda kumburi ake ganin sa a ɗakin bincike. Idan bai kai santimita 1 ba, galibi wannan cirewar ta wadatar, idan kuwa ya haura santimita 2 akan ƙara cire sashen dama na babban hanji. Wannan ya nuna amfanin aika duk abin da aka cire a tiyata zuwa ɗakin bincike. Ko da ƙarin ya bazu zuwa hanta, akan rage shi da tiyata, ko a toshe jijiyar jinin da ke ciyar da shi.

Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da mai tsawatarwa. An gano somatostatin a 1973 a ɗakin binciken Roger Guillemin da ke Kalifoniya. Matsalarsa ita ce jiki yana lalata shi cikin 'yan mintoci. Sai masana na kamfanin Sandoz a Suwizalan suka ƙera wani mai kama da shi wanda ya fi daɗewa, mai suna oktiriyotayid, aka amince da shi a Amurka a 1988. Yanzu akwai nau'insa, da na ɗan'uwansa lanriyotayid, da ake yin allurarsu sau ɗaya duk mako 4. Suna rage gudawa da zafin fuska, kuma manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2009 da 2014 sun nuna cewa suna jinkirta girman ƙarin kansa.

Hanya ta uku ta ɗora ne a kan dabarar Rotadam. Makullin da ya kai fitila yana iya kai makami. Maimakon galiyam sai a ɗaura masa lutetiyam-177, wanda haskensa ke lalata ƙwayoyin da ke kusa da shi, bai kuma wuce nisan milimita 2 ba. Ana ba da shi ta jijiya sau 4, mako 8 tsakani, tare da ƙarin ruwa na musamman don kare ƙoda. A wani gwaji na majinyata 229 masu ƙarin hanji da ya bazu, wanda aka buga a 2017, bayan wata 20 cutar ba ta ci gaba ba ga kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka ba lutetiyam, alhali ga waɗanda aka ba oktiriyotayid kaɗai kashi 11 ne. Turai ta amince da maganin a 2017, Amurka a 2018. Yana iya taɓa ɓargo da ƙoda, don haka ana bibiyar jinin majinyaci, kuma ba ya amfani ga ƙarin da ba shi da makarɓan. Hoton galiyam shi ke nuna wanda maganin zai dace da shi.

Har ila yau akwai ƙwayoyin sha irin su ebarolimus da sunitinib, waɗanda aka amince da su don ƙarin fankiriyas a 2011. Shi kuwa nau'in da ke gudu da sauri, wanda ƙwayoyinsa suka bar kamannin asalinsu, da magungunan sankara masu ƙarfi ake tunkararsa. Zaɓen hanya aikin ayari ne na likitan fiɗa, da na sankara, da na homon, da masu hoto, da masu binciken tsoka. Da yake ƙarin yana iya dawowa bayan shekaru, ana ci gaba da duba majinyaci ko da ya ji sauƙi.

Kammalawa

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ƙwayar saƙo ko ta zama ƙari takan ci gaba da zubo sinadarinta, ta kuma riƙe makarɓanta. Da na farkon ake gane ta a jini da fitsari, da na biyun ake hango ta a hoto, a tsawata mata, a kuma kai mata hari. Mutane da yawa masu nau'in da ke tafiya a hankali suna rayuwa shekaru masu yawa suna harkokinsu, musamman idan an gano shi da wuri. Saboda haka wanda ke yawan suma idan ya ji yunwa, ko mai gyambon cikin da ya ƙi jin magani, ko mai gudawar da ta ɗauki watanni, ya kamata a kai shi babban asibiti a zurfafa bincike, maimakon a yi ta sauya masa magani a kemis.

Tambayoyin bita

1. Mene ne homon, kuma wanne aka fara ganowa a hanji?
2. Me ya sa alamomin sirotonin ba su cika bayyana ba sai ƙarin ya kai hanta?
3. A kawo sharuɗɗa uku na Whipple.
4. Don me ake hana majinyaci cin ayaba kafin gwajin 5-HIAA?
5. Idan ƙarfin galiyam-68 yana raguwa da rabi duk minti 68, kashi nawa cikin 100 zai rage bayan minti 204?
6. A bayyana yadda makarɓin somatostatin yake amfani wajen bincike da wajen magani.